Masallacin Yama: Ginin Ƙasa Da Ya Ɗaukaka Sunan Adar

A arewa da Tsarnawa, cikin ƙasar Badagishiri ta gundumar Illela, akwai ƙauyen Yama, wanda masallacinsa na Juma'a ya zama abin alfahari ga duk mutanen wannan yanki.

A shekarar 1962 dattawan garin suka ɗora wa Malam Falke Barmu, magini kuma manomi, nauyin gina masallacin. Aikin gayya aka yi: wasu na buga tubali, wasu na jido ruwa, wasu na kawo itace. Da fari ginin ɗaki ne mai kusurwa huɗu, rufinsa bisa ginshiƙai, mihrabinsa ya ɗan fito waje ta gabas.

A 1975 maginin ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya ƙara hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya samu lambar yabo ta Aga Khan kan fasahar gini, sunan Yama ya shiga duniya.

Sai dai ginin ƙasa amana ne. In aka bar yaɓe damina biyu ko uku, ruwa zai cinye abin da kakanni suka tsayar. Saboda haka wajibi ne sarakuna da masu hali su riƙe magina, su sa matasa koyon sana'ar. Allah ya ja zamanin Sarki.