Wa Ya Cancanci Riƙe Allurar Kashe Zafin Haƙori a N'Djamena?

Mu da muke aikin lafiyar baki mun san cewa rabin cire haƙori yana ƙarewa tun kafin a ɗauki awartaki. Idan allurar kashe zafi ta kama, majinyaci zai zauna lafiya, hannun mai aiki ya natsu, saiwa ta fito ba tare da ta karye ba. Idan ba ta kama ba, sai kokawa da kururuwa, kuma wanda ya sha wannan azaba sau ɗaya ba ya dawowa sai kuncinsa ya kumbura da mugunya. Shi ya sa tambayar wa doka ta yarda ya soka wannan allura take da nauyi a ƙasa kamar Chadi. Ofishin Hukumar Lafiya ta Duniya na Afirka ya ƙiyasta cewa tsakanin 2014 da 2019 likitocin haƙori 3.3 ne ke duba kowane mutum 100,000 a yankin, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na matsakaicin duniya. Chadi tana cikin waɗanda abin ya fi yi wa tsanani, kuma 'yan kaɗan ɗin da take da su galibi suna N'Djamena. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da za a koya wa ma'aikatan haƙori masu matsakaicin horo wannan allura a makaranta, da jarrabawa da takardar izini, domin tarihin sana'armu ya riga ya nuna cewa hakan mai yiwuwa ne.

A farkon lamarin, ƙin ba kowa allurar yana da hujja mai ƙarfi. A 1884 Carl Koller ya nuna a Biyana cewa hodar iblis tana kashe zafi a ido, kuma a ƙarshen wannan shekara William Halsted da Richard Hall a birnin New York suka soka ta kusa da jijiyar muƙamuƙin ƙasa, rabin baki ya mutu. Maganin yana da guba, ba a san iyakar awonsa ba, shi kansa Halsted ya kamu da jarabarsa. Abin da ya biyo baya shi ne rage haɗarin mataki-mataki. Heinrich Braun ya gauraya maganin da adirenalin domin jijiyoyin jini su tsuke, magani ya daɗe a wurin bai bazu cikin jiki da sauri ba. A 1905 aka fara amfani da firoken na Alfred Einhorn. A 1943 Nils Löfgren ya haɗa lidoken a Suwidin, ya shiga kasuwa a 1948, kuma har yau shi ne abin dogaronmu. Sai kuma 'yar kwalbar da ake sakawa cikin sirinji, mai ɗauke da mililita 1.8 da aka riga aka auna a masana'anta. Da zarar awo ya tabbata, kuma wurin soka allura ya zama abin da ake gane shi da yatsa da ido, aikin ya zama ilimin da ake iya koyarwa a aji a kuma jarraba.

Ma'aikatan da ke tsakanin likita da nas suna da nasu tarihin. A 1913 Alfred Fones ya buɗe makarantar masu tsabtace haƙori ta farko a Bridgeport, jihar Connecticut ta Amurka. Aikinsu kankare datti daga haƙori da koyar da tsabta, ba a ba su allura ba. New Zealand ta fi ƙarfin hali: a 1921 ta fara horar da mata a Wellington na shekara biyu, ta tura su makarantun firamare suna cike kogon haƙori suna cire haƙoran yara. Malaya ta kwaikwaya a Penang a 1949, Ingila ta buɗe makarantar New Cross a Landan a 1960. A Amurka kuwa sai 1971 jihar Washington ta zama ta farko da ta ba masu tsabtace haƙori izinin yin allurar kashe zafi. Ƙungiyoyin likitoci sun yi ta gargaɗin cewa za a yi asarar rayuka. Jiha bayan jiha ta bi sahu cikin shekara hamsin, har kusan dukkansu suka amince, kuma bala'in da aka yi hasashe bai auku ba. Abin lura shi ne galibin waɗannan ƙasashe masu likitoci ne birjik. Idan su sun ga amfanin raba aikin, ina ga ƙasar da mai ciwon haƙori daga Faya ko Amtiman zai yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ya ga kujerar likita?

Chadi ta gaji abubuwa biyu masu karo da juna daga Faransa. Na farko shi ne doka: a Faransa aikin cikin baki na likitan haƙori ne shi kaɗai, kuma ƙasar ta daɗe ba ta san sana'ar masu tsabtace haƙori ba, saɓanin ƙasashe irin su Holan da Suwizalan. Na biyu shi ne al'adar aiki a ƙasashen da ta mallaka, inda ta dogara ga mataimaka: makarantar Dakar ta fara horar da mataimakan likitoci tun 1918, Eugène Jamot kuma ya horar da malaman asibiti a Ayos ta Kamaru suka yaƙi ciwon barci da allura da madubin likita. Bayan samun 'yancin kai a 1960, doka ta tsaya a kan tsarin Faris, aiki kuma ya ci gaba a hannun nas. Ɗan Chadi mai son zama likitan haƙori ya daɗe yana fita waje, zuwa Dakar ko Abijan ko wasu ƙasashe, kuma ba kowa ke dawowa ba. Jami'ar ƙasar ta buɗe a 1971, sashenta na kimiyyar lafiya ya zo daga baya, kuma yaƙin basasa ya cinye shekarun da ya kamata a gina ma'aikata. Duk da haka, a asibitocin larduna da dama ma'aikacin da ke sa wa mace allurar ƙashin baya a yi mata tiyatar haihuwa ba likita ba ne, nas ne da aka ƙara wa horo. Ƙasar da ta amince da wannan, mai haɗari nesa ba kusa ba, ba ta da dalilin jin tsoron allurar dasashi a hannun wanda aka koya masa.

Masu adawa sukan fara da batun haɗari, kuma ba wasa suke yi ba. Kwalba ɗaya ta lidoken mai kashi 2 cikin ɗari tana ɗauke da miligiram 36. Likitocin yara da yawa ba sa wuce miligiram 4.4 a kan kowane kilo na nauyin jiki, don haka yaro mai kilo 15 bai kamata a ba shi kwalba biyu cikakku ba. Wanda bai san wannan lissafi ba, ya ga yaro yana kuka ya ƙara masa, zai iya jefa shi cikin farfaɗiya. Idan ba a ja sirinji baya an duba ko jini ya shigo ba, magani na iya shiga jijiyar jini kai tsaye, zuciya ta riƙa bugawa da ƙarfi, abin da mai hawan jini ba zai so ba. Idan allura ta zarce can baya, rabin fuska ya shanye na 'yan sa'o'i. Wurin da ya yi mugunya kuma yakan ƙi kama magani, sai an kashe jijiyar daga nesa. To amma duk abin da na lissafa darasi ne da ake koyarwa: tsarin ƙashi da jijiya, awo, tambayar majinyaci tarihin ciwonsa, da abin yi idan ya suma. Masu kawo wannan hujja suna kwatanta ma'aikaci mai horo da likita, alhali a unguwannin N'Djamena irin su Dembe ko Digel zaɓin da ke gaban talaka shi ne wanzami, ko mai tallan magani da 'yan N'Djamena ke kira dokta cuku, ko haɗiyar tiramadol har haƙori ya ruɓe. Cire haƙori ba tare da likita ba yana faruwa kullum. Abin da ya rage a yanke shi ne ko mai yin sa zai kasance an koya masa, an yi masa rajista, ana iya tuhumarsa.

Hujja ta biyu ta fi taɓa zuciya: cewa wannan magani ne na talakawa, mai kuɗi ya ga likita a asibitin Renaissance ko ya haye gadar Ngeli zuwa Kamaru, mara shi a bar shi da mataimaki. Suna cewa a zuba kuɗin a horar da likitoci. Ina goyon bayan horar da likitoci ɗari bisa ɗari, kuma tsangayoyin haƙori na Maiduguri da Kano ba su da nisa ga ɗalibin Chadi. Sai dai likita yana ɗaukar shekara shida ko fiye, mai matsakaicin horo shekara uku, kuma na biyun ya fi yiwuwa ya zauna a garinsu. Ƙari a kan haka, likitan da ya wuni yana cire haƙoran da wani zai iya cirewa ba shi da lokacin ɗinke karyayyen muƙamuƙin ɗan acaɓa, ko gano cutar da ke cin fuskar yara masu tamowa, wadda aka gina mata asibiti a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disamba 2023. Ita hukumar, tun a ƙunshin kula da baki na matakin farko da aka tsara a Nijmegen a 2002, ta sa rage zafi da cire ruɓaɓɓen haƙori a sahun gaba na abin da ya kamata a samu a ƙaramin asibiti.

Hujjar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta uku: wanda aka koya wa allura zai iya buɗe shago ya kira kansa likita, ya shiga aikin da ya fi ƙarfinsa. Wannan yana faruwa a duk inda aka yi horo ba a yi rajista ba. Najeriya ta fara horar da irin waɗannan ma'aikata a Legas a shekarun 1950, makarantar ta koma Inugu a 1982, amma sai 1993 aka kafa hukumar yi musu rajista. Bai kamata Chadi ta jira haka ba. Makarantar ENASS da ke N'Djamena, wadda ta daɗe tana yaye nas da ungozoma, tana iya ɗaukar ajin, babban asibitin ƙasa da asibitin Bon Samaritain na Waliya su zama wurin gwaji a gaban likita, doka kuma ta fayyace iyakar aiki da lokacin tura majinyaci gaba. Sai a haɗa da kaya, domin adirenalin yana lalacewa a zafi. Masu yin kwalaben suna so a ajiye su ƙasa da digiri 25, N'Djamena kuwa tana wuce 40 a watan Afrilu. Dole horon ya ƙunshi ajiya da duba ranar lalacewa, Ma'aikatar Lafiya kuma ta saka kwalaben da allurai masu amfani sau ɗaya cikin kayan da take aika wa asibitocin gundumomi a kai a kai.