Nana Asma'u: Alƙalami a Hannu, Goyo a Baya

  

Kwanan baya wata mai sauraro ta aiko mini da wasiƙa a takardar da ta yago daga littafin makarantar ɗanta. Ta ce tun tana budurwa take son rubutu, amma yau 'ya'yanta uku, na farin bai kai shekara shida ba, da ta ɗauki biro sai wani ya fasa kuka. Ta tambaye ni, ta haƙura ne har sai yara sun girma? Amsar da zan ba ta, da ke da kike cikin irin halinta, tana cikin tarihin uwarmu Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo.

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793, ita da ɗan tagwayenta Hassan, lokacin jama'ar Shehu na zaune a Ɗegel. A gidan karatu ta buɗe ido, domin a gidan Shehu mata na karatu kamar yadda maza ke yi. Sai dai ba ta daɗe cikin kwanciyar hankali ba. A 1804, tana da kimanin shekara goma sha ɗaya, aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke tsakanin jama'ar Shehu da Gobirawa. Shekarun da suka biyo baya na yunwa ne da ciwo da tashi daga wannan zango zuwa wancan. A cikin wannan hali, a 1807, aka ɗaura mata aure da Gidado ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai a 1808, Sakkwato kuwa a 1809 aka fara gina ta. Kin ga ke nan amarcinta bai zo da ɗaki mai labule da kwanukan jere ba.

To, ki riƙe waɗannan shekaru biyu a zuciyarki: 1807 da 1820. Ta farko shekarar aurenta ce. Ta biyu kuwa ita ce shekarar da ke kan rubutunta mafi daɗewa da ya iso hannunmu, wato Tanbihul Gafilina, wanda ta rubuta da Larabci tana da kimanin shekara ashirin da bakwai. Shekara goma sha uku ke tsakani. A cikinsu ta shiga haihuwa da reno, Allah ya ba ta 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri. A cikinsu kuma ta yi rashin mahaifinta a 1817, mijinta ya zama Wazirin Sarkin Musulmi Bello. Gidan Waziri kuwa ba ya rabuwa da baƙi da manzanni, har Baturen nan Kilafaton da ya zo Sakkwato a 1824, Gidado ne ya ɗauki ɗawainiyarsa.

'Yar'uwa, macen da ta iya rubuta littafi da Larabci tana shekara ashirin da bakwai, ai ba a daren ta koya ba. Shekarun goyon nan ba ta jingine karatu ba, tana ta tara shi ne kamar mai zuba asusu. Kuma da ta fara rubutu ba ta jira ɗaki ya yi shiru ba, domin a 1820 'ya'yanta ba su girma ba tukuna.

Ki tuna kuma da kayan aikinta. Takarda daga ƙasashen Turai ake kawo ta, raƙuma su ƙetaro Sahara da ita, saboda haka tsada gare ta. Tawada a gida ake dafa ta da ƙaro, alƙalami kuwa kara ne ake feƙewa. Da dare sai fitilar aci-bal-bal. Duk da haka, kafin rasuwarta a 1864 ta bar rubuce-rubuce sama da sittin, da Larabci da Fillanci da Hausa.

Wani abin lura shi ne irin rubutun da ta fi yi. Mafi yawansa waƙa ce, kuma da yawa ba su da tsawo. Akwai wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a cikin baiti talatin kacal. Ta yi ta da Fillanci a 1829, daga baya ta mai da ita Hausa da Larabci. Akwai Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, inda ta ambaci salihan mata tun daga matan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har zuwa na zamaninta. Kin san halin baiti: ana iya juya shi a zuciya hannu na cikin wanke-wanke, a riƙe shi a ka har a samu sararin zama a rubuta. Mai sauraro ma haka, tana iya haddace shi tana daka ko tana lallashin yaro.

Nana Asma'u ta san halin mace mai ƙananan yara, shi ya sa da ta kafa tsarin 'Yan Taru wajen shekarun 1830 ta gina shi a kan wannan hali. Ta naɗa shugabannin mata da ake kira jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani alamar izini. Masu tasowa daga ƙauyuka zuwa wurinta su ne dattijan mata da suka gama haihuwa, da 'yan mata ƙanana da ba su isa aure ba. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu, su koyi waƙoƙin, sannan su koma su bi gida gida suna koyar da matan aure da ke cikin kulle. Wato matar da goyo ya hana ta fita, karatu ne ke sallama a ƙofar ɗakinta. Bayan rasuwar Nana, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe wannan aiki.

Kada kuma mu manta da maigidanta. Waziri Gidado shi ma marubuci ne, shi ya rubuta Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu. Bayan rasuwar Bello a 1837, shi da matarsa suka duƙufa wajen adana tarihin jama'a, shi yana rubutawa a zube, ita tana tsarawa a waƙe. In maigida na kusa da rediyo, to, ina gaishe shi, ina kuma roƙonsa ya dubi wannan misali. Riƙe yaro na rabin awa ba ya rage wa namiji daraja.

Takardun nan ba su salwanta ba. Zuriyarta ta adana su, musamman Waziri Junaidu wanda ya rasu a 1997. A wannan shekarar ce kuma wasu mata masana biyu, Jean Boyd da Beverly Mack, suka buga tarin ayyukanta a Amurka. Yau ana nazarinsu a jami'o'i.

Na san za ki ce, ai ita 'yar Shehu ce, matar Waziri, akwai masu taya ta aiki. Gaskiya ne, ba na musu. Amma ke ma kina da abin da ita ba ta samu ba. Littafin rubutu da biro suna nan a shagon bakin layi, kuma wayar hannunki na iya ɗaukar muryarki in hannu bai samu sarari ba. Ni kaina wannan jawabi da kike ji, a zama huɗu na rubuta shi, biyu bayan sallar asuba kafin yara su farka, biyu bayan isha'i.

Saboda haka ga shawarata ga mai wasiƙa. Kada ki jira ranar da gida zai yi tsit, domin ranar ba ta zuwa da wuri. Ki ajiye littafinki inda hannu zai kai, nesa da hannun yara. Ki zaɓi abu gajere: baiti biyu, ko tatsuniyar da kakarki ta ba ki, ko labarin yadda aka yi bikin unguwarku a da. Layi biyar a rana, in kin dage, kafin shekara ta zagayo kin cika littafi. Ranar da yaro ba shi da lafiya kuwa, ki rufe littafin ba tare da jin kin gaza ba, gobe ma rana ce. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya raya mana zuriya, ya sa albarka a lokacinmu. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.