Daga Jami'a Ɗaya Zuwa Zaɓi

Ƴan uwana masu jiran sakamakon bak, wannan tambaya ta "wace jami'a zan nema?" sabuwa ce a Nijar. Yayyen iyayenmu ba su san ta ba. Kafin 1971, wanda ya samu bak sai ya ɗauki akwati ya nufi Dakar, Abijan ko Faransa. A shekarar ne aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992.

Kusan shekara arba'in, in ka cire Jami'ar Musulunci ta Say, kowa Harobanda yake tsallakawa. Ɗaki ya cika, layin resto ya yi tsawo, burs ta makara. Kokawar ɗalibai ta kai ga 9 ga Fabrairu 1990, ranar da aka harbe uku a gadar Kennedy. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasa ga taron ƙasa na 1991.

Sai a 2010 Maraɗi, Damagaram da Tawa suka samu nasu jami'o'i, wasu huɗu suka biyo baya a 2014.

Ni dai shawarata: kar hasken Yamai ya zaɓar maka. Mai son noma ya dubi Maraɗi, mai son shari'a ko tattalin arziki ya dubi Tawa. Ka tambayi na gaba da kai batun malamai da wurin kwana, kana ka ajiye takardunka.