Daga Dogari zuwa Ɗan Sintiri: Tarihin Tsaron Gari a Ƙasar Kazaure da Unguwannin Baƙi

Aikin tsaro a yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura ya girmi caji ofis nesa ba kusa ba. Tun lokacin da Ibrahim Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure wajen shekarar 1819, abu biyu ke riƙe da zaman lafiyar gari: ƙarfi da sanin mutane. Ƙarfin yana hannun dogarai masu jajaye da korayen riguna, waɗanda ke kamo mai laifi, su tsare fada da kasuwa, su zartar da hukuncin alƙali. Sanin mutane kuwa yana hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Baƙo ba ya kwana sai mai masaukinsa ya kai labarinsa gun mai unguwa. Fatake suna sauka wurin fatoma, shi ne kuma zai amsa tambaya idan kaya suka ɓata ko baƙonsa ya yi abin assha. In an kore shanu da dare, sarkin baka da mafarautansa ke bin sawu. Haka tsarin yake har a Babura, wadda a lokacin take ƙarƙashin Kano, yanzu kuma take cikin masarautar Ringim.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, aikin ya rabu gida biyu. 'Yan sandan gwamnati suna karɓar umarni daga Turawa, suna gadin bariki da tashar jirgin ƙasa da kantuna. Birni da ƙauyuka aka bar wa sarakuna. A shekarun 1920 aka fara ware wasu daga cikin dogarai ana koya musu fareti, aka ba su yunifom da kulki da albashi daga baitulmali. Su ne suka zama 'yan dokar En'e. A 1930 aka haɗa 'yan sandan gwamnati na Arewa da na Kudu suka zama runduna guda, amma 'yan doka suka ci gaba da zama na sarakuna. Kazaure, da yake En'e ce mai zaman kanta a Lardin Kano, tana da 'yan dokarta da alƙalanta da gidan yarinta.

Inda wannan rabuwa ta fi fitowa fili shi ne Sabon Garin Kano, unguwar baƙi da ta fi kowace tasiri a kan yankin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma yanka Sabon Gari wajen 1913 domin akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa: Yarabawa, Ibo, Nufawa, mutanen Saliyo da na ƙasar da ake kira Gana a yau. Ba a sa unguwar ƙarƙashin Sarki ba sai a 1940. Kafin nan Jojin Bature ke iko da ita, 'yan sandan gwamnati ke sintiri a titunanta. Fagge, da ke maƙwabtaka da ita, tana hannun 'yan doka da alƙali. Da yake babu mai unguwar da ya gaji sanin gidaje, ƙungiyoyin ƙabilu suka ɗauki aikinsa. Su ke tarbar sabon zuwa, su sama masa ɗaki, su tsaya masa beli, su sasanta rigimar haya da ta bashi tun ba ta kai kotu ba. Tsarin ya iya ƙananan rigingimu, amma bai iya tare babbar fitina ba. A watan Mayun 1953, lokacin da tawagar jam'iyyar AG ƙarƙashin Samuel Akintola ta shirya taro a Kano, faɗa ya ɓarke tsakanin Fagge da Sabon Gari na tsawon kwana huɗu, aka rasa rayuka aƙalla 36. Kashe-kashen 1966 sun fi haka muni ƙwarai.

Siyasa ce ta zubar da mutuncin 'yan doka. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, magoya bayanta sun sha kamu da ɗauri bisa zargin taro ba izini ko zagin sarakuna, har ɗan doka ya zama abin tsoro ga talaka. An yi ƙoƙarin gyara; Ado Bayero, wanda ya riƙe muƙamin Wakilin Doka a Kano daga 1957 zuwa 1962, ya yi suna wajen tsabtace aikin. Duk da haka, bayan juyin mulkin 1966 kwamitin Yusuf Gobir ya ba da shawarar a soke 'yan dokar En'e, kuma daga 1968 aka shiga narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa raba sarakuna da ikon zartarwa.

An rabu da zaluncin ɗan doka, amma an yi asarar abin da ya fi kowa iyawa. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san gidan kowa da sana'ar kowa. Sabon ɗan sanda ana iya turo shi daga ko'ina, wani ma ba ya jin Hausa, kuma kafin ya gane hanyoyin ƙauyuka an yi masa canjin wurin aiki. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari. Rikicin Maitatsine a Kano cikin Disambar 1980, wanda sai da sojoji suka shigo, da yawaitar fashi da 'yan daba a shekarun da suka biyo baya, sun sa unguwanni suka koma tsaron kansu. Aka kafa ƙungiyoyin 'yan sintiri, magidanta na karo-karo duk wata don sayen tocila da usur da ɗan abin shayi. Rundunar 'yan sanda ma ta ga giɓin, ta kafa kwamitin hulɗa da jama'a, PCRC, a 1984.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, umarni ya koma Dutse, kowace ƙaramar hukuma da DPO ɗinta. Kazaure, da ke kan hanyar Kano zuwa Daura, ta ƙara zama matattarar baƙi, musamman saboda kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu mai jawo ɗalibai da malamai daga sassan ƙasar nan. Babura tana bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, don haka akwai kwastan da jami'an shige da fice, ga baƙin kasuwa da makiyaya masu ƙetarowa da kaka. Roni da Gwiwa suna iyaka da Jihar Katsina, inda matsalar 'yan bindiga ta sa ake ƙara sa ido a kan baƙuwar fuska.

A aikace, ƙara ba kasafai take farawa daga caji ofis ba. Idan shanu suka shiga gona kafin a kwashe amfani, manomi zai nufi gidan mai unguwa. A kira arɗo da wakilin Miyetti Allah, a taka zuwa gonar, a ƙirga kunyoyin da aka ɓata, a yanke diyya. Sai an kasa daidaitawa, ko an zub da jini, sannan maganar ta kai ga DPO da kotu. Rigimar aure da ta maƙwabta takan tsaya a hannun 'yan Hisba ko limami. Baƙon da ba Bahaushe ba yakan zo da shugaban ƙungiyar ƙabilarsa ko fastonsa. 'Yan sintiri idan sun kama ɓarawon babur, doka ta ce su miƙa shi ga 'yan sanda. Inda ake samun matsala shi ne idan duka ya riga miƙawar, ko aka kama mutum don kawai ba a san shi ba.

Gwamnati ta daɗe tana neman ɗinke waɗannan sassa. Shirin haɗa kan 'yan sanda da al'umma da aka ƙaddamar a Enugu a 2004 ya haɗa da Jigawa da Kano cikin jihohin gwaji. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma, aka kuma ɗauki kuratan sa-kai daga garuruwansu, ko da yake rashin tsayayyen alawus ya rage musu karsashi. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 har yanzu runduna guda ya amince da ita a ƙasa baki ɗaya. Masu neman 'yan sandan jihohi suna kafa hujja da sanin gari irin na ɗan doka, masu adawa kuma suna tuna abin da aka yi da shi a zamanin NEPU.