Gawon Maraɗi da Dokar Daji

A 1935 Faransawa suka kafa dokar daji a ƙasashen da suke mulka a Afirka ta Yamma. Dokar Nijar ta 1974 ta bi sawunta: gawon da ya tsiro a gonar talaka yana ƙarƙashin ikon hukuma. Wanda ya sari reshe ba izini, jami'an gandun daji su ci shi tara. Ganin wahala tasu ce amma iko na wani, manoma da yawa suka riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami.

Bayan yunwar 1984 hukuma ta sassauta, manoman Maraɗi da Damagaram suka soma renon kututturan da ke toho a gonakinsu. Dokar 2004 ta ƙarfafa haƙƙinsu. Da amfani ya koma hannun mai reno, itatuwa suka dawo a hekta kusan miliyan 5.