Zaman Taro a Matsayin Magani: Makoki, Sulhu da Girka a Tarihin Damagaram

1. Gabatarwa

Masu rubuta tarihin likitanci sukan faro labarin jinyar taro daga shekarar 1905, lokacin da likita Joseph Pratt ya riƙa tara masu tarin fuka a birnin Boston na Amurka domin su ƙarfafa wa juna zuciya. Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa a Damagaram, tun zamanin sarakuna, ba a ɗauki ciwon zuciya lamarin mutum ɗaya ba. A tsakiyar jama'a ake jinyarsa.

2. Zama uku

Kamar yadda André Salifou ya nuna a littafinsa na 1971, Zinder ta bunƙasa a zamanin Sarki Tanimun (1851-1884) ta hanyar yaƙi da fataucin Sahara. Gari irin wannan ba ya rasa marayu, da matan da mazansu suka faɗi a fagen daga, da bayin da aka rabo da danginsu. Mun lura da zama iri uku da al'umma ta tanada.

Na farko shi ne makoki. Akan zauna kwana uku, a sake haɗuwa a sadakar bakwai da ta arba'in, mai takaba kuwa mata na kewaye da ita har wata huɗu da kwana goma. Ke nan an yanka wa baƙin ciki wa'adi, an kuma hana mai shi kaɗaici.

Na biyu shi ne sulhun aure. Mace ta yi yaji, miji ya tafi biko, waliyyai su saurari kowa. In abin ya faskara a je gaban alƙali, wanda fiƙihun Malikiyya ya ba shi damar naɗa masu sasantawa biyu, ɗaya daga kowane dangi.

Na uku shi ne girka. Akan keɓe marar lafiya kwanaki a hannun ƴan bori, da goge da magunguna, ya fito yana ɗan ƙungiyar waɗanda suka sha irin wahalarsa. Binciken Jacqueline Monfouga-Nicolas a ƙasar Maraɗi (1972) ya nuna yawancinsu mata ne, da dama masu fama da rashin haihuwa ko mutuwar ƴaƴa. A 1914 Tremearne ya bayyana bori a tsakanin Hausawan Tunis da Tarabulus, wato can ƙarshen hanyar ayari. Waɗanda aka raba da gida sun tafi da maganinsu.

3. Zamanin Turawa

Faransawa sun ci Zinder a 1899, ta kuma zama babban birnin mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926. Amma sai a 1938 aka kafa hukumar kula da masu taɓin hankali a Afirka ta Yamma ta Faransa, kuma tsarewa ce ginshiƙin aikin. Sauyi ya zo daga Dakar, inda Henri Collomb ya shigar da dangi cikin jinya a asibitin Fann, ya kuma kafa taron pénc, wato dandalin gari a harshen Wolof. Abin da asibiti ya koma nema, yana nan a zaure tun da daɗewa.

4. Kammalawa

Duk da haka, bai kamata mu yi wa jiya kwalliya ba. Girka tana cin dukiya, malamai sun daɗe suna sukar ta, kuma Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta haɗa har da sadakar arba'in. A zaman sulhu ma, sau da yawa kalmar haƙuri kan rufe bakin mace kafin ta gama kukanta. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wa ke da izinin magana a cikin taron, wa aka sa ya yi shiru? Takardun Turawa sun fi kula da wanda ya ta da hankalin hukuma. Amsar tana bakin tsofaffin matan Birni da Zango, kuma naɗar maganarsu aiki ne da ba ya jira.