Asalin Kalmar Awa

Rumawan dā suna da sunan yini, dies, da na wata, mensis, da na shekara, annus, duk na gado a harshensu na Latin. Amma ba su da kalmar awa, domin ba su san awar ba. Fitowar rana da faɗuwarta suka sani, sai tsakar rana. Akwai wani ma'aikacin hukuma da ke tsayawa a dandalin birni yana duban sama. Da ya ga rana ta tsaya tsakanin mumbarin masu jawabi da masaukin jakadu, sai ya yi shela cewa rana ta take. In kuwa hadari ya rufe sama, sai dai kowa ya yi kirdado.

Wurin Girkawa suka aro kalmar hora, wato awa. Su ma can da farko yanayi take nufi, kamar bazara ko hunturu. Sai bayan da suka koyi raba yini kashi 12 daga mutanen Babila, kamar yadda masanin tarihinsu Herodotus ya faɗa, a hankali suka ɗora wa kowane kashi wannan suna.

A shekara ta 263 kafin haihuwar Annabi Isa, wani jagoran Rumawa mai suna Valerius Messalla ya kwaso wani agogon inuwa cikin ganimar garin Katana na tsibirin Sisili, aka kafa shi a Rum. To, Sisili tana kudu, inuwarta dabam, don haka layukan agogon ba su dace da ranar Rum ba. Abin mamaki, shekara 99 birnin ya yi yana bin sa a haka, har wani mai suna Marcius Philippus ya kafa na daidai a shekara ta 164. Bayan shekara 5 aka samu agogon ruwa, wanda ba ruwansa da hadari ko dare. Sunan agogon ma, horologium, na Girkawa ne.

Awar Rumawa ba irin tamu ba ce. Tunda hasken rana ake rabawa 12, ta lokacin zafi takan kai minti 75, ta hunturu kuwa wajen 45.

Daga Latin kalmar ta shiga Faransanci, ta ƙetara zuwa Ingila, Turawan mulkin mallaka suka iso da ita ƙasar Hausa, ta tarar da sa'a ta Larabci, bakin Bahaushe ya mayar da ita awa.